Na leƙa gidan tarihin 'yan sama jannati a Mosko

Wallahi duk wanda Allah ya kai shi Mosko ya daure ya je wurin nan. Jirgin ƙarƙashin ƙasa da suke ce wa metro na hau zuwa tashar VDNKh, ina fitowa sai ga wata doguwar hasumiya ta ƙarfen titaniyom tana ƙyalli, mita 107, an yi ta kamannin roka tana tashi da hayaƙi a bayanta, tun 1964 take tsaye, gidan tarihin kuma a gindinta yake.

A ciki na ga samfurin Sputnik, tauraron ɗan adam na farko a duniya, ɗan dunƙulen ƙarfe ne da bai wuce tulu ba, ga eriya huɗu dogaye. Abin nan da Tarayyar Sobiyet ta harba ran 4 ga Oktoba 1957 shi ya hana Amurka barci, don rokar da ta iya kai shi sama ai za ta iya ɗauko bam ta kawo musu har gida. Su ma suka yi sauri suka harba tasu Vanguard a Disamba, ko tashin kirki ba ta yi ba ta tarwatse duniya na kallo, sai ƙarshen Janairu 1958 tauraronsu Explorer 1 ya fitar da su kunya.

Inda na fi daɗewa gaban karnukan nan biyu ne, Belka da Strelka, an cusa fatarsu an ajiye cikin gilashi, 'yan ƙanana da su, kunnuwa a tsaye. Su sun je sararin samaniya a Agusta 1960 sun dawo da rai. Laika fa, karyar da aka harba kafin su? Shugaban Sobiyet Khrushchev ne ya matsa sai an sake harba wani abu bayan Sputnik kafin bikin cika shekara 40 da juyin juya halin Rasha, aka haɗa kumbon cikin wata guda ba tare da hanyar dawowa ba, zafi ya kashe ta cikin 'yan awoyi, kuma sai 2002 aka fito aka faɗi gaskiyar yadda ta mutu. Raina ya ɓaci sosai a wurin nan, gaggawar nuna isa ce kawai, irin gaggawar da ta ci mutum uku na kumbon Amurka Apollo 1 a Janairu 1967, ta ci ɗan sama jannatin Sobiyet Komarov a Afrilu.

Gagarin kam, mutum na farko da ya je sararin samaniya, ko ina hotonsa, tafiyar minti 108 ya yi ran 12 ga Afrilu 1961. Amma ni Sergei Korolev ne ya tsaya min a rai, mutumin da ya jagoranci ƙera rokokin nan duka. An kama shi a 1938 an tura shi sansanin gwale-gwale na Kolyma, daga baya ya ɗaukaka ƙasar da ta ɗaure shi, amma aka ɓoye sunansa har sai da ya rasu a 1966. Bayansa rokar N1 ta zuwa wata sau huɗu ana gwadawa tana faɗuwa, Amurka ta riga su sauka a Yuli 1969.

Mu ma fa tseren sararin samaniyan nan ya ratso ta gidanmu, NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta kafa tashar bibiyar kumbo a Kano, kuma da ɗan sama jannatinta John Glenn ya wuce ta samanmu ran 20 ga Fabrairu 1962 ya yi magana da ma'aikatanta, har ya ce musu yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa.