Abin da haɗa riyaktar CO2 ya koya mini game da ruwa da wuta

A shagon da na koyi haɗa tankunan kifi na gilashi, akwai aikin da maigidana ba ya barin yaron shago ya taɓa sai ya ga hannunsa ya faɗa: saka riyaktar iskar CO2 a layin matatar ruwa. Ciyayin da ake shukawa a cikin tanki suna buƙatar wannan iska kamar kowane tsiro, amma wadda ruwa ke ɗauka da kansa daga sararin ɗaki ba ta taka kara ta karya ba. Masu son ciyayi su yi lif-lif suna neman miligiram 20 zuwa 30 a kowace lita. Takashi Amano, mutumin Niigata ta ƙasar Japan wanda ya kafa kamfanin kayan tankin kifi na ADA a 1982 ya kuma rasu a 2015, shi ya fi kowa yaɗa wannan salo a duniya, kuma hotunan irin tankunansa ne masu gida ke nuna mana a waya su ce haka suke so.

Ita riyaktar ba wani abin mamaki ba ce. Bututu ne mai faɗi da ake tsayarwa a tsaye, ruwa ya shigo ta sama ya gangara, iska kuma tana ƙoƙarin tasowa. Da yake bututun ya fi tiyo faɗi, gudun ruwa yana raguwa a cikinsa, sai ƙwayoyin iskar su tsaya suna juyawa har su narke. Kamar damun fura ne, ludayi ke aikin, kuma a nan ruwan da famfo ke turowa shi ne ludayin. Da na fahimci haka sai na daina kallon silindar da ke ajiye iskar da regileta mai rage matsinta a matsayin zuciyar aikin. Aikin mai gyaran famfo ne daga farko har ƙarshe.

Shi ya sa wurin da aka ɗora ta yake da muhimmanci. Ana saka ta ne a tiyon da ke fita daga matata yana komawa tanki. Idan aka saka ta a tiyon shiga, iskar da ba ta gama narkewa ba za ta taru a kan matatar, farfelar famfo ta riƙa juyawa cikin iska tana ƙara, wani lokaci ruwa ya tsaya cik. Ga shi ruwan da bai bi ta matata ba yana ɗauke da datti, ya cika riyaktar da laka. Sai batun faɗin tiyo. Matatun waje irin na kamfanin Eheim galibi suna zuwa da tiyo mai milimita 12/16 ko 16/22, wato faɗin ciki da na waje, kuma duk mahaɗin da ya fi tiyon ƙanƙanta, da duk gwiwar da aka ƙara, ragi ne a ƙarfin ruwa. Na ga tankin da ciyayinsa na gaba suka yi kyau, na can kusurwa kuma gansakuka ta rufe su, alhali iska tana shiga yadda ya kamata. Ruwan ne ba ya kai ta can. Idan matatar ta yi ƙarfi har tana kora ƙwayoyin iska waje kafin su narke, sai a raba hanya biyu, a sa bawul, wato abin buɗewa da rufe hanya, a ɗaya, a riƙa daidaitawa.

Wajen la'asar za a ga iska ta taru a saman riyaktar, ana jin ɓul-ɓul. Wani sashenta CO2 ce da ta yi yawa, wani kuma iskar da ta fito daga ruwan kansa, wadda ba ta narkewa da sauƙi. Ƙaramin bawul a saman bututun yana magance wannan.

Darasin da ya fi zama mini a rai kuwa ba a cikin takardar da ke zuwa da kayan yake ba, domin waɗanda suka rubuta ta ba su saba da ɗauke wuta ba. Mu a nan dole mu tambayi kanmu me zai faru idan famfo ya tsaya da tsakar rana babu kowa a gida. Bawul ɗin lantarki da ke kan regileta yana rufewa da kansa idan wuta ta yanke, wannan alheri ne. To amma a gidajen da ke da inbata ko sola, sau da yawa wasu soket suna da wuta wasu babu. Idan bawul ɗin yana kan inbata, matata kuma tana kan layin gari, iska za ta ci gaba da shiga ruwan da ba ya motsi, ta cika riyaktar, ta kore ruwan da ke ciki. Wuta na dawowa sai duk wannan iska ta afka wa kifi lokaci guda, ko ta bi tiyo ta koma cikin matata ta hana famfo tashi. Don haka matata da bawul a soket ɗaya nake haɗa su, kuma ba na sassautawa a kan wannan ko da mai gida ya ce wayoyin sun ɓata masa kwalliyar falo.

Haka taima, na'urar da ke buɗe iska da rufe ta a kan lokaci. Irin mai juyawa kamar agogon bango tana tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta, bayan mako guda sai ka tarar iska tana buɗewa da dare, lokacin da ciyayi ba sa shan ta, su ma numfashi suke yi kamar kifin. Mai batir a ciki ita ce daidai. Ana buɗe iska awa ɗaya ko biyu kafin fitilar tanki ta kunna, a rufe kamar awa ɗaya kafin ta mutu. Kuma da zarar an rufe, iskar da ta rage a siririn tiyo tana narkewa ta janyo ruwa baya, shi ya sa bawul mai hanya ɗaya ya zama dole kusa da riyakta, in ba haka ba ruwa ya kai ga regileta ya lalata ta.

Zafi ma yana da nasa hukuncin. A ɗaki mai digiri 20, matsin silindar CO2 yana kusan 57 a ma'aunin matsi na bar, kuma allurar ma'aunin ba ta sauka sai CO2 da matsi ya mayar ruwa a ciki ta ƙare, don haka awon nauyi ya fi allura faɗin gaskiya. Da zafi ya haura digiri 31, matsin yana hawa da sauri, mu kuwa a bazara muna ganin 40 a Kano. Silinda a tsaye take zama, a ɗaure, nesa da taga, kuma ba a barin ta cikin mota a rana. Ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iskar numfashi sosai, sai ya zama adadin CO2 da kifi ya jure a hunturu yana iya galabaitar da shi a Afrilu.

Akwai 'yar kwalbar gwaji da ake maƙalawa a jikin gilashi: shuɗi iska ta yi kaɗan, kore daidai, rawaya ta yi yawa. Tana da amfani, sai dai labarin awa ɗaya ko biyu da suka wuce take bayarwa. Kifi ya fi ta sauri. Idan na ga sun taso sama suna haki, rufe iska nake yi nan take in girgiza saman ruwa, ko da kwalbar tana nuna kore. Ƙarin iska kuma kaɗan-kaɗan ake yinsa, da safe, a ranar da mutum zai yini a gida.

Kafin in miƙa aiki yanzu, ina shafa ruwan sabulu a kowane mahaɗi na layin iska in duba kumfa, in shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashin riyakta. Sannan in zare filogi da hannuna, in jira, in duba ko ruwa ya hau siririn tiyo, in mayar, in tsaya har famfo ya tashi da kansa ba tare da na taɓa shi ba. Idan bai tashi ba, kwance layin nake yi in sake.