Gyaran shagon intanet ga mai sayar da amfanin gona daga ƙauye

Mai sayar da zoɓo da riɗi daga yankin Maigatari, ko shinkafa daga Kura, in ya buɗe shago a WooCommerce, manhajar haɗa shagon intanet, yakan fara da zaɓen launi da hoton da ke zamewa a saman shafi. Ba nan ciniki ke lalacewa ba. Yana lalacewa ne a nauyin hoto, da awo, da yadda kaya za su bar gari.

Hoton da wayarka ta ɗauka yakan kai megabait 3 zuwa 5. Jera goma a shafi ɗaya, mai saye da ke fama da ƙarancin sabis zai gaji ya fita kafin ya ga farashi, datarsa kuma ta tafi a banza. Ka rage faɗin kowane hoto zuwa fiksel 1000, nauyinsa ya sauka ƙasa da kilobait 150. Tun 2021 WordPress, manhajar da WooCommerce ke aiki a kanta, ke karɓar nau'in hoto na WebP, wanda ya fi JPEG rashin nauyi. Ɗauki hoton da safe a inuwa, a kan farin buhu ko tabarma mai tsabta, har da guda ɗaya na kusa da zai nuna ƙwayar. Mai sayen riɗi so yake ya ga ko akwai yashi a ciki.

Sai awo. Kwano da tiya da mudu ba ɗaya suke a kowace kasuwa ba, kuma mutumin Legas bai san su ba. Ka sayar da kilo. Kada ka buɗe wa kowane girma shafinsa. Yi kaya ɗaya mai zaɓi, kilo 1, kilo 5, kilo 25, kowanne da farashinsa da nauyinsa da adadin da ya rage. In ka bar gurbin nauyi ba komai, duk lissafin jigilar da ya dogara da shi zai fito ba daidai ba.

Jigila ce ta fi cin kuɗin mutanenmu, don haka a nan ya kamata a zauna. WooCommerce na raba masu saye zuwa yankuna, kuma yana duba su ne daga sama zuwa ƙasa, ya tsaya a na farkon da ya dace da adireshin. Saboda haka Kano da Jigawa su zo a sama, sauran jihohin Arewa su biyo, sai Kudu, sannan Najeriya gaba ɗaya a ƙarshe. In ka ɗora Najeriya a sama, mutumin Wudil zai biya kuɗin da na Fatakwal zai biya, ko kuma kai ka cika na Fatakwal daga aljihunka. A cikin kowane yanki ka raba kaya gida biyu, ƙulli da buhu, domin direba ba ya karɓar kuɗi ɗaya a kansu. Farashin kuwa a tasha ake samo shi, ba a ka ba: ka haɗa kuɗin mai babur daga gida zuwa bakin titi, da na 'yan dako, da na motar kanta. Duk lokacin da man fetur ya motsa, ka koma ka sake tambaya. Ka kuma rubuta ranakun da kake aika kaya a fili. Garin da mota ba ta cika sai ranar kasuwa, bai kamata ya yi alkawarin kwana ɗaya ba.

A shafin biya, ka ɓoye gurbin sunan kamfani da layin adireshi na biyu, ka wajabta lambar waya, ka ƙara gurbi guda: tashar da za a karɓi kaya. Imel ka bar shi, Paystack, kamfanin da ke karɓar maka kuɗin da aka biya ta intanet, na buƙatarsa.

Paystack na cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin ₦100 a cinikin cikin gida, ana yafe ₦100 ɗin in kuɗin bai kai ₦2,500 ba, kuma cajin ba ya wuce ₦2,000. A cinikin ₦20,000 ke nan ₦400 za ta fita. Wasu na ganin asara ce, sai su zaɓi a turo musu kai tsaye ta banki. Ni dai ina ganin ₦400 ta fi arha a kan alat na bogi. Akwai kuma wata matsala da ba a cika lura da ita ba: odar da aka ce za a biya ta banki tana rage adadin kayanka nan take, ko kuɗin bai shigo ba. Mutum uku su yi oda su ɓace, shago ya nuna zoɓo ya ƙare alhali buhuna na jibge a ɗaki. Kullum da yamma ka duba, ka soke wadda ba a biya ba.

Maɓallin WhatsApp a sa shi kusa da farashi. A mahaɗin wa.me ana fara lambar da 234, a cire sifilin farko, in ba haka ba ba zai buɗe ba.

Duk gyaran da ya taɓa lambobin jigon shafi, wato theme ɗin da ke ba shagon kamanninsa, a yi shi a cikin ɗan jigon da ke gadon babban (child theme), domin sabuntawa tana shafe abin da aka rubuta a babban. Kafin kowace sabuntawa ka ajiye kwafin shagon. Bayanta kuma ka ari ƙaramar wayar maƙwabci, ka tsaya inda sabis ya fi rauni a garin, ka sayi kilo ɗaya da kanka har zuwa biya.