Tiyatar ɗaga fuska tun ana ɗan shekara talatin da 'yan kai

A watan jiya ƙanwata da ke aure a Landan ta kira ni ta bidiyo, ta dafa yatsu a gaban kunnuwanta ta ja fatar kumatunta sama, sannan ta ce, "Yaya, haka nake so in koma." Shekarunta 34. Ta rame sosai bayan ta yi allurar rage ƙiba, kumatunta suka zube, kuma wani asibiti a Istanbul ya shaida mata cewa gara ta yi tiyata yanzu a matsayin rigakafi, tun tsufa bai kama ta ba.

Kalmar rigakafin nan ce ta tsaya mini a rai, domin wannan tiyata gyara ce ga abin da ya riga ya saki. Likita yana yanka ne daga cikin gashin gefen kai, ya biyo ta gaban kunne ya zagaya bayansa, ya ɗaga fata, sannan ya ja shimfiɗar nama da ke ƙarƙashinta ya ɗinke ta a sama. Wasu likitoci biyu, Mitz da Peyronie, su ne suka bayyana wannan shimfiɗa a 1976, kuma a 1990 wani likitan tiyata mai suna Sam Hamra ya fito da hanyar shiga can ƙarƙashinta, wadda ake ta yayatawa a Instagram yanzu. Duk da wannan ci gaba, wuƙa ba ta hana kitsen fuska raguwa, ba ta hana fata yin yaushi. Likitoci kan ce aikin yana riƙe kimanin shekara goma, wato ƙanwata za ta iya neman na biyu tana da shekara 44, kuma na biyun a kan tabon na farko za a yi shi, inda nama ya manne, aiki ya ƙara wuya.

Akwai kuma haɗarin taruwar jini a ƙarƙashin fata, musamman ga mai hawan jini, da taɓa jijiyar da ke motsa gira ko leɓe. Abin da ya fi damuna shi ne fatarmu ta baƙar fata, wadda ta fi saurin yin tabo mai kumburi da ke ci gaba da girma. Ita kanta tana da irinsa a kunnen hagu tun hujin da aka yi mata tana yarinya, ga shi kuwa daidai wurin za a yanka. Na kuma tambaye ta batun man bilicin, domin masu sinadarin sitiroyid suna sa fata ta yi siriri, rauni ya yi jinkirin warkewa.

Ban musanta cewa akwai matasan da fatarsu ta saki da gaske bayan rama mai yawa ba, kuma tiyata tana iya amfanarsu idan nauyinsu ya daidaita. Nata bai daidaita ba tukuna. Mun rabu a kan za ta jira wata shida, kuma kafin ta biya ko sisi za ta nuna wa likitan fata wannan kunnen.