Maganin ciwon baya ya kusa cinye ƙodar Yayana

Yayana ya daɗe yana shan litiyam saboda lalurar baifola, ciwon ƙwaƙwalwa mai sa yanayin mutum ya riƙa hawa da sauka tsakanin zumuɗi da ƙunci, kuma maganin ya karɓe shi. Yana barci, ya koma shagonsa. Ni ke raka shi ganin likita a Barnawa da ke Kaduna, ni ke ajiye takardun gwajinsa.

Cikin zafin watan Afrilu bayansa ya riƙe. Yaron wani kemis a unguwarmu ya ba shi daiklofenak, safe da dare, bai tambaye shi ko yana kan wani magani ba. Tambaya ɗaya tak! Har yau abin yana ci mini rai.

Ƙoda ce ke fitar da litiyam daga jiki. Daiklofenak da ibufurofen suna hana ta wannan aikin, sai maganin ya taru a jini ya zama guba, ga shi kuma zufa ta tsotse ruwan jikinsa. Hannunsa ya kama karkarwa har shayi na zuba masa a riga, harshe ya yi nauyi, yana tafiya yana tangaɗi, ga amai da gudawa. Mutanen gida suka ce tsohon ciwon ne ya motsa.

Likita na ganinsa ya ce, "Malam, bayan namu me ya sha?" Matarsa ta ciro katin ƙwayoyin daga jaka, saura biyu a ciki.

Ana son litiyam ya tsaya wajen 0.6 zuwa 0.8 a jini. Nasa ya haura 1.5. Aka kwantar da shi, aka yi ta ƙarin ruwa. Alhamdulillahi ba a kai ga wankin ƙoda ba, amma ba ta koma yadda take ba, domin makin gwajin ƙarfin ƙodar ya tsaya ƙasa da 60, alamar ta yi rauni. A nan muka ji cewa yawan fitsari da ƙishirwar da ya daɗe da su, waɗanda aka zaci ciwon suga ne, su ma aikin litiyam ne a ƙoda.

Duk mai ɗan'uwa a kan wannan magani, gwajin ƙoda duk wata shida ba abin ɗagawa ba ne. Jinin auna litiyam kuwa awa 12 bayan shan na ƙarshe ake ɗiba. Kada a yanke maganin don tsoro, ciwon yana iya dawowa da ƙarfi. Batun azumi a fara kai wa likita.

Yanzu ko farasitamol za a saya masa, sai an faɗa wa mai kemis cewa yana shan litiyam. Na koma wurin yaron nan na yi masa bayani. Ya ce bai taɓa jin sunan maganin ba.