Kano ta cike kududdufanta, ruwa ya rasa masauki

Kududdufan cikin birnin Kano ba a banza suke ba. A cikinsu aka haƙi ƙasar ginin ganuwa da gidajen tubali, ramukan suka zama masaukin ruwan damina. Ruwan unguwa ya gangara can ya kwanta, yana tsuma cikin ƙasa sannu a hankali, rijiyoyin kewaye suna sha har rani ya yi nisa. Yau da yawansu an cike da shara, an yanka filaye, an dasa shaguna.

A yi lissafi. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 30 a dare ɗaya, zai zubo da lita 3,000, wato jarka 120 mai cin lita 25 irin ta 'yan garuwa. A da tsakar gida ƙasa ce, tana shanye rabonta. Yanzu an malale ta da siminti, ƙofar gida ma an shafe, sai ruwan ya fito gaba ɗaya ya tarar da kwatar da leda ta toshe. Gida dubu su yi haka, ambaliya ke nan.

Ruwan da ya gudu a Agusta shi ake nema a Afrilu. Kano a kan dutse take zaune. Ruwan ƙarƙashinta yana cikin ruɓaɓɓen dutsen sama da tsagogin na ƙasa, kuma damina ce ke cika shi. An toshe masa mashiga, gidaje da yawa kuma sun haƙa burtsatse suna zuƙa. Rijiyar guga ce ke fara ƙafewa, domin ita ce marar zurfi.

Ruwan da ya rage ma sai an yi hattara da shi. Ƙa'idar da ma'aikatan tsafta ke bi ita ce mita 30 tsakanin masai da rijiya, gindin masai kuma ya ɗara ruwan ƙasa da aƙalla mita 1.5. To fili mai ƙafa 50 a 50 mita 15 da ɗan ɗoriya ne kawai kowane gefe. Ko maigida ya kiyaye, masan maƙwabci na jikin katanga. Ga kuma dagwalon masana'antun Bompai da ke bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, inda masu lambu ke ban ruwan latas da kabeji.

Zafin dare shi ma daga gine-ginen nan yake. Bulo da kwalta da kwano suna kwasar rana a bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, su yi ta amayar da ita bayan isha'i. Darbejiyar da za ta yi inuwa an sare. A hunturu kuwa iska mai sanyi ke kwanciya a ƙasa da asuba, mai ɗumi ta rufe ta kamar murfin tukunya, hayaƙin adaidaita sahu da janareta da ƙona shara ya rasa mafita, ya cakuɗa da ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi.

Mai fili zai iya haƙa ramin shan ruwa: mita 1 a mita 1, zurfin mita 1.5, a cika da duwatsu a bi da tsakuwa, a jawo bututun indararo cikinsa. Zai ɗauki kusan lita 500 a tashi ɗaya, tunda duwatsu sun cinye wajen kashi biyu cikin uku. A nisanta shi da harsashin gini kamar mita 5, kada kuma ya kusanci masai. Abin da ke kashe shi laka ce, don haka a sa raga a bakin bututu, a bar ruwan farkon damina ya wanke kwano ya zube waje kafin a haɗa.