Rula biyu a jirgi ɗaya

Wata goma sha huɗu ke nan ina haɗa ƙaramin samfurin Vasa, jirgin yaƙin Suwidin, da daddare bayan mun rufe shago. Ni kafinta ne, gado da kabad da ƙyaure nake yi, ban taɓa ganin teku da idona ba. Zanen jirgin ne ya shigo hannuna, na ga kyansa, na kasa ajiyewa. Ma'aunin da na bi shi ne 1 cikin 75, wato jirgin da tsawonsa ya kai mita 69 ya dawo santimita 92 a kan bencina.

Da ƙashin baya ake farawa, sannan a jera haƙarƙari a kansa. A nan na yi kuskuren. Ɓangaren hagu na auna shi da rular ƙarfe, na dama kuma washegari na auna da tef ɗin shago wanda bakinsa ya yi sako-sako. Bambancin bai wuce milimita 2 ba. A ƙyaure, wannan ba abin da za a tsaya a kai ba ne. Amma a wannan ma'auni milimita 2 daidai take da santimita 15 a jirgin gaske. Na gani a daren, na ce katakon jiki zai rufe.

Lulluɓe jikin jirgi aiki ne mai cin rai. Nakan tsaga maɗaci siriri kamar tsinken tsintsiya mai faɗi, in jiƙa a ruwan zafi har ya yi laushi, in lanƙwasa shi a hankali, in shafa gam, in danne da allura ya kwana. Guda biyu a dare, wani lokaci ɗaya. Da na kai layi na goma sha biyu, tagogin igwa na dama suka ƙi fuskantar na hagu.

Maigidana, wanda ya koya mini sana'a tun ina yaro, ya leƙo wani dare. Ya tsuguna ta bayan jirgin, ya rufe ido ɗaya.

"Ɗana, jirginka ya karkace. Ka sani?"

"Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

Ban iya amsawa ba. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ya miƙe ya tafi.

Abin da ya sa tambayar ta tsaya mini a rai shi ne tarihin jirgin kansa. Ranar 10 ga Agusta 1628 Vasa ya bar tashar Stokholm a tafiyarsa ta farko, jama'a na kallo. Bai yi fiye da mita 1,300 ba iska ta kwantar da shi, ruwa ya kwarara ta tagogin igwa na ƙasa da aka bari a buɗe, ya nutse. Kimanin mutum 30 suka rasu. An ɗora masa igwa 64 na tagulla, samansa ya yi nauyi, cikinsa kuma bai da faɗin da zai riƙe. Da aka tsamo shi a 1961, bayan shekara 333 a ƙarƙashin ruwa, an sami rula huɗu na ma'aikatan: biyu na ƙafar Suwidin mai inci 12, biyu na ƙafar Amsterdam mai inci 11. Bincike ya nuna ɓangarorinsa biyu ba daidai suke ba.

Mutane sun fi son labarin rula, ni ma da farko shi ya ja ni. Amma a ganina ba nan ciwon yake ba. Kafin tafiyar, an sa mutum 30 su yi ta gudu daga gefe zuwa gefe a kan jirgin don a gwada tsayuwarsa. Bayan zagaye uku aka dakatar da su, don an ga zai kife tun yana ɗaure. Babban hafsan ruwa Klas Fleming yana wurin. Sarki Gustav Adolf yana fagen yaƙi da Polan, yana ta aiko da takardu a gaggauta. Sun gani da idonsu, suka yi shiru, jirgin ya tashi. Ni kuwa babu sarkin da ke matsa mini, babu wanda ke jira. Ƙyashin warware aikin dare biyu ne kawai ya sa na ɗora aikin mako uku a kan karkatacciyar haƙarƙari.

Na ɗauko ruwan ɗumi na jiƙa gam ɗin, na ɓamɓare katakon ɗaya bayan ɗaya. Rabinsu suka karye. Na sake yanka haƙarƙari biyar, wannan karon da rula ɗaya, kuma kafin in manna kowane layi sai na tsuguna ta baya na rufe ido ɗaya kamar yadda Baba ya yi. Tef ɗin nan na cire shi daga shago gaba ɗaya.

Hunturu ya zo ya tsaga mini benen jirgin a wuri biyu, na cike da garin katako da gam. Igiyoyi sun ci wata uku.

Yanzu saura zakin da ke goshin jirgin. Na gaske ya kai kusan mita 3, nawa santimita 4 ne. Biyu na sassaƙa na ajiye gefe, don ƙafar gaba ba ta fito yadda take a zane ba. Na uku yana kan benci, na gama kai da geza, gobe in Allah ya kai mu zan shiga ƙafafu.