Yaushe ya kamata a canza gasket ɗin salansa a motar haibirid?

A cunkoson gadar Third Mainland da ke Legas, injin motar haibirid (mai amfani da fetur da lantarki) irin Toyota Prius yakan yi ta mutuwa yana tashi, shi ya sa salansa ke zafi tana hucewa, ruwa kuma ya taru a cikinta, ga iskar Legas mai gishiri tana ƙara tsatsa a mahaɗin bututu. Gasket, wato abin da ake sakawa a mahaɗin bututun don hana iska yoyo, ba shi da ƙayyadadden wa'adi. Sai dai idan aka ji ƙarar fitar iska lokacin da inji ya tashi da sanyi, ko aka ga baƙin hayaƙi ya manne a mahaɗi, to a canza shi nan take, domin iskar da ke yoyo tana ɗauke da guba marar wari. Duk lokacin da makanike ya kwance mahaɗin, ni ba na yarda a mayar da tsohon gasket ɗin, ko da sai an je kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo neman sabo.